Kunyar Ɗan Fari: Mai Sana'a da Aikinsa na Farko

A ƙasar Hausa akwai wata tsohuwar al'ada wadda baƙo kan yi mamakinta in ya fara gani. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ma an yabe shi a gabanta sai ta sunkuyar da kai ko ta kawar da zancen. Sau da yawa, da zarar an yaye shi, sai kaka ko goggo ta ɗauke shi riƙo. Wanda bai san al'adar ba zai zaci ƙiyayya ce, alhali kuwa kowa a gidan ya san babu wanda ya kai yaron nan matsayi a zuciyar uwarsa. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma ko da yake ta fara sassautawa a birane, har yau ba ta ɓace ba.

Masu sana'a ma suna da tasu kunyar ɗan fari. Baduku ba ya son a fito da jakar da ya fara ɗinkawa, tela ba ya son a tuna masa da rigar da ya karkace wa wuya, malami kuma ba zai so ɗalibansa su ga takardar darasinsa na shekarar farko ba. A ƙarshen ƙarnin da ya wuce wata sabuwar sana'a ta shigo cikin jerin, wato tsara shafukan intanet. Samarin da suka fara ta a wancan lokaci yau sun yi furfura, kuma idan aka nuna wa ɗayansu shafin da ya fara ginawa, sai ya rufe fuska yana dariya. Sai dai tsakaninsa da baduku akwai bambanci. Jakar baduku tana hannun wanda ya saye ta, shi kuwa mai tsara shafi da danna maɓalli ɗaya zai iya shafe aikinsa, ya zama tamkar ba a taɓa yi ba. Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa ke nan: shin mai sana'a yana da ikon shafe aikinsa na farko don kawai yana jin kunyarsa, ko kuwa akwai wasu da ke da haƙƙi a cikin aikin bayan shi?

Yadda aka haifi shafukan farko

A shekarar 1989 ne wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba, ya gabatar da tsarin da ya zama yanar gizo. A 1991 aka buɗe shafi na farko ga jama'a, sa'annan ranar 30 ga watan Afrilu na 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga duniya baki ɗaya. Nijar ta samu layinta a tsakanin 1996 da 1997, ta hannun kamfanin sadarwa na ƙasa, SONITEL, wanda a 2016 aka haɗe shi da SahelCom aka samar da Niger Telecom. A Yamai layin ya fara sauka. Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkin ƙasar daga 1911 zuwa 1926, tana da nisan kimanin kilomita 900 daga can, don haka sai da ta jira. Sannu a hankali shagunan intanet, waɗanda ake kira siber, suka bazu zuwa manyan garuruwan cikin ƙasa.

A ƙaddara wani saurayi ɗan Birni ko ɗan Zango, wanda ya gama lise a farkon shekarun 2000, ya shiga irin wannan shago ya biya kuɗin awa guda. Babu malamin da ya koya masa, babu littafi a hannunsa. Wata rana ya gano cewa idan ya danna gefen dama na linzamin kwamfuta, akwai umarnin da ke buɗe masa cikin shafin da yake kallo, ya ga rubutun da aka gina shi da shi, wanda ake kira HTML. Sai ya kwafe rubutun a faifan disket, wanda duka abin da yake ɗauka bai kai megabait ɗaya da rabi ba. Ya canja kalma ɗaya ya ga abin da ya faru, ya canja lamba ɗaya ya ga launi ya sauya. Bayan makonni kaɗan ya gina nasa, ya ɗora shi a ɗaya daga cikin gidajen da ke ba da masauki kyauta a lokacin, irin su GeoCities ta Amurka ko Multimania ta Faransa.

Duk wanda ya ga shafukan wancan zamani ya san kamanninsu. Bango shuɗi ne, rubutu rawaya, tutar ƙasa tana kaɗawa a kusurwa, wani layi yana gudu daga dama zuwa hagu. A ƙasa akwai ma'aunin da ke ƙirga masu ziyara, da hoton lebura riƙe da shebur alamar ana kan aiki, da rajistar da baƙo zai bar gaisuwa. A tsakiya kuma saurayin ya sa hoton ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da na hawan salla, da jerin sunayen sarakuna, da ƴan karin magana, rabi da Faransanci rabi da Hausa. Wannan shi ne ɗan farin da yake jin kunyarsa a yau, yanzu da ya ƙware, yana gina wa kamfanoni da ƙungiyoyi shafuka masu tsafta.

Abin da kunya ba ta gani

Mai jin kunya abin da ya karkace kawai yake gani. Amma wanda ya dubi irin wannan shafi da idon tarihi zai ga abubuwa uku da mai shi ya manta.

Na farko shi ne wahalar da Hausa ta sha kafin ta shiga allon kwamfuta. A watan Oktoba na 1999 hukumomin Nijar suka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, tare da haruffan nan huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A daidai wannan lokaci kuwa, yawancin kwamfutoci ba su iya nuna su. Tsarin Unicode, wanda ya fito tun 1991, ya tanadar musu gurbi, amma shafuka na amfani da tsarin haruffan Yammacin Turai, wanda ya san wasulan Faransanci masu alama bai san ƙugiyar Hausa ba. Faransanci ya shiga da ƙafafunsa biyu, Hausa ta shiga tana ɗingishi. Mai tsara shafi ya rubuta “Muna maraba da baƙi”, sai allo ya nuna wa baƙon ɗan akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalmar. In ya cire ƙugiyar, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ƙare ya koma kare. Wasu suka riƙa sa waƙafin sama kusa da harafin, wasu suka mai da rubutun hoto, wasu suka haƙura suka bar mai karatu ya cika da kansa. Sai wajen 2008 tsarin Unicode ya rinjayi sauran a yanar gizo. Ashe abin da mai shi ke ɗauka kuskuren rubutu ne, shaida ce ta yadda wani harshe ya nemi hanya a ƙofar da ba a auna da shi ba. Masanin da zai rubuta tarihin rubutun Hausa nan gaba zai buƙaci waɗannan shafuka kamar yadda yake buƙatar tsofaffin takardun ajami da jaridun boko na farko.

Na biyu shi ne tausayin baƙo. Layin wancan zamani ta wayar tarho yake bi, kuma na'urar modam mafi sauri ba ta wuce kilobit 56 a daƙiƙa. Hoto mai nauyin kilobait 100 sai ya ci kusan daƙiƙa goma sha biyar kafin ya gama sauka, in layi na da kyau ke nan. Saurayin ya san wanda zai buɗe shafinsa kuɗin awa ya biya kamarsa, saboda haka yakan rage girman hoto, ya taƙaita magana, ya sa abin da ya fi muhimmanci a sama. Rashi ne ya koya masa wannan ladabi, amma ladabi ne na gaske. Shafuka da yawa na yau sun fi nasa kyau nesa ba kusa ba, sai dai suna cinye kuɗin wayar talaka kafin ya karanta layi ɗaya.

Na uku shi ne buɗaɗɗiyar ƙofa. Saurayin ya koyi sana'ar ne domin wasu da bai taɓa gani ba sun bar aikinsu a buɗe, da kyansa da muninsa. Da ƙwararrun ayyuka kawai ya tarar, masu sarƙaƙiyar da ido ba ya iya bi, da ya rufe ya tafi. Shafukan da suka koya masa su ne masu sauƙi, na ƴan koyo irinsa, waɗanda ake ganin inda aka yi ɗinki. Bashi ne ya ci, kuma waɗanda suka ba shi ba su nan balle ya biya su.

Hujjar mai son shafewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce aikin nasa ne, da kuɗinsa da lokacinsa ya yi shi, kuma mai abu shi ke da iko da abinsa. Zai ce da sana'ar yake ci, in mai ba da kwangila ya binciko sunansa ya tarar da tuta na kaɗawa a kan bango shuɗi, wataƙila ya kai aikin wani wuri. Zai ƙara da cewa sutura abin yabo ce a addini da al'ada, wanda aka umarta ya rufa asirin ɗan'uwansa kuwa ba za a hana shi rufa nasa ba. Ko a Turai, a 2014 kotun Tarayyar Turai ta amince cewa mutum na iya neman injin bincike ya daina nuna wasu tsofaffin bayanai a kansa. Hausawa kuma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi a bangon garinsu take. Gidajen ƙasa na Birni da Zango sun shahara da zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure tun yaɓe na ɗanye, kuma wannan ado na cikin abin da ya sa a 2006 aka shigar da tsohon garin a jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su. Amma kowa ya san zanen ƙasa ba ya dawwama. Damina ta ci shi, a sake yaɓe, sabon zane ya hau kan tsoho, kuma ba a taɓa jin magini ya zauna makokin zanensa na farko ba. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita a ƙarni na 19 ma ƴan guntaye suka rage. In ganuwar sarki ta zube, mene ne shafin wani saurayi da za a ce dole ya tsaya?

Inda hujjar ta tsaya

Wani sashe na wannan magana gaskiya ne, kuma a karɓe shi ba gardama. Idan shafin na ɗauke da abin da zai cutar da mutum, kamar hoton wata da aka sa ba da izninta ba, ko zagi da aka yi cikin zafin ƙuruciya, ko sirrin iyali, to cire shi wajibi ne, sutura ce ta haƙiƙa. Amma karkacewar layi da munin launi ba aibi ba ne, rarrafe ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya miƙe ba tare da shi ba. Wanda ya kira rarrafe aibi ya ɓoye shi, yana gaya wa na baya ƙarya ne ba da baki ba, wato shi a tsaye aka haife shi.

Misalin magini kuwa, idan aka bi shi zuwa ƙarshe, juyawa yake ya ba da shaida a kan mai kawo shi. Magini ba ya makokin zanensa domin zanen bai mutu ba. Yaron da ke miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana tsaye yana kallo, ya ga inda hannu ya zame, ya ga yadda aka gyara, kuma bayan shekaru shi zai fitar da zanen a wani zauren. Abin da ruwa ya wanke daga bango yana nan a hannun yaro. Mai tsara shafi shi kaɗai ya yi koyonsa a gaban allo, babu yaro a gefensa. Shafin kansa shi ne yaron, shi kaɗai ya ga yadda aka fara. In an shafe shi, bango da hannu sun tafi tare.

Kuma kada a zaci abin da aka bari zai tsaya da kansa. Kamfanin Yahoo ya sayi GeoCities a 1999, ya rufe ta ranar 26 ga Oktoba na 2009, miliyoyin shafuka suka tafi a dare ɗaya, sai abin da wasu ƴan sa-kai suka yi gaggawar kwashewa. Gidan nan da ya raba mazaunansa unguwa-unguwa kamar gari, ashe duk haya suke. Shafin farko na duniya ma da ƙyar ya tsira: lokacin da CERN ta tashi mai da shi adireshinsa na asali a 2013, kwafin 1992 ta samu ta ɗora. Idan uban shafuka duka haka ta same shi a hannun masana, ina ga shafin ɗan Zango?

Akwai wuri guda da mai neman tsohon shafi kan dosa. Cibiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a San Faransisko a 1996, tana ɗaukar kwafin shafuka tana ajiyewa, kuma tun 2001 kowa na iya shiga ya duba. Aiki ne na alheri, amma na'ura ce ke tsintar abin da ta ci karo da shi, ta ɗauki wannan ta tsallake wancan, sau da yawa rubutu ya zo hotuna su ɓace. Mutanen Damagaram sun san irin wannan ajiya. Wanda ke son sanin yadda garin yake a zamanin Tanimun yakan koma ga abin da matafiya Turawa suka rubuta, irin su Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka garin a ƙarshen 1852. An gode wa baƙo da ya rubuta, amma abin da idonsa ya faɗa a kai ya rubuta, da ma'aunin ƙasarsu. Sai da ɗan gari, André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa a yau, ya haɗa takardu da abin da dattawa suka riƙe, ya fitar da littafinsa na tarihin masarautar a 1971. Al'ummar da ba ta adana farkonta ba, a littafin baƙo za ta je ta karanto shi, in ma baƙon ya ga dama ya rubuta.

Daga nan amsar tambayar ta fito. Mai sana'a yana da ikon jin kunya, yana da ikon sauke aikin daga ƙofar shagonsa, har ma ya cire sunansa daga kai. Abin da ba shi da shi shi ne ikon hallaka shi, domin tun ranar da ya buɗe shafin ga jama'a wasu suka samu rabo a ciki: harshen da aka rubuta shi da shi, garin da aka nuna a cikinsa, da ɗan koyon da bai zo ba tukuna.

Aikin malamai da ƙungiyoyi

Faransa ta sa adana shafukan intanet cikin dokarta tun 2006, ta ɗora wa babban ɗakin karatunta na ƙasa. Ƙungiyar raya al'adu a Damagaram ko Maraɗi ba ta buƙatar jiran doka kafin ta fara nata. Shafin wancan zamani ƙarami ne ƙwarai, ɗaruruwansu za su shiga cikin makullin ajiya guda wanda bai kai ɗan yatsa ba. Abin da ake bukata shi ne a nemi waɗanda suka fara sana'ar tun suna raye, a karɓi abin da ya rage a tsofaffin faifansu, a buga kwafi a takarda, a rubuta shekara da wurin da aka yi aikin, sa'annan a ɗauki muryarsu suna ba da labarin yadda suka koya. A ajiye kwafi fiye da ɗaya, a wuri fiye da ɗaya. Haka kuma ƙungiyar da duk tarihinta ke kan Facebook ko WhatsApp ta tuna da mazauna GeoCities.

Malami kuma yana da nasa rabon. Ɗalibin da ke tsoron rubuta jimla ɗaya da Hausa ko Faransanci don kada a yi masa dariya, babu abin da zai ƙarfafa shi kamar ya ga aikin farko na wanda yake girmamawa. A nuna masa shafin nan mai bango shuɗi, a nuna masa aikin mutumin na yau, a bar shi ya auna tazarar da kansa. Wannan darasi ya fi nasiha goma, kuma malamin da ya isa zai haɗa da tsohuwar takardarsa. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma ga na baya ya wuce ado, domin da shi yake gane cewa hanyar tana biyuwa.

Al'adar da aka buɗe zance da ita ta riga ta raba gardamar. Uwa tana jin kunyar ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi ga baƙi, amma ba a taɓa jin ta yar da shi ba. Hannun kaka take miƙa shi, inda ta san za a riƙe shi da kyau, kuma shi ne wanda ƙannensa za su taso suna kallo. Mai sana'ar da ya kasa duban aikinsa na farko, to ya yi yadda ta yi, ya ba da shi riƙo.